Tsakanin kwinin, atemisinin da jiƙon ganye: me ya dace mai zazzaɓin cizon sauro ya sha?

Da zarar an tayar da zancen maganin zazzaɓin cizon sauro, sai mutane su rabu gida biyu: masu cewa a koma ga itatuwa da ganyaye, da masu cewa a tsaya ga maganin asibiti. Ni dai ban ga tushen wannan rabuwa ba. Magunguna biyu mafi shahara a tarihin yaƙi da wannan cuta, kwinin da atemisinin, duk daga tsiro suka fito, ɗaya daga ɓawon bishiya, ɗaya daga ganye. Abin da ke gaban mai zaɓi shi ne siffar da sinadarin tsiron zai iso masa a ciki. Zai iya zuwa a kwinin, ko a haɗin atemisinin da ake kira ACT da allurarsa, ko a jiƙon ganyen da aka ciro atemisinin ɗin daga gare shi, ko kuma a wasu tsirrai da har yanzu ake kan bincikensu. Waɗannan huɗun ba matsayinsu ɗaya ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu takan kai ta rai da mutuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263 a duniya, mutum kusan 597,000 suka rasu, mafi yawansu a Afirka, mafi yawansu kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro kan kwanta da zafin jiki yau, jibi ya shiga doguwar suma. Wanda ya fara da magani mara ƙarfi da niyyar "in bai yi ba a canza", waɗannan kwana biyun yake jefarwa.

Ba za a gane fifikon wani magani a kan wani ba sai an san abin da ƙwayar cutar ke yi a jiki. Idan sauro ya zuba ta, hanta take fara sauka, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa mutum bai ji komai ba. Daga nan ta kwararo cikin jini, kowace ɗaya ta kutsa cikin jar ƙwayar jini guda. Nau'in da ya fi kisa, Plasmodium falciparum, awa 48 yake yi a ciki. Yakan fara ɗan mitsitsi mai siffar zobe, ya girma yana cin sinadarin da ke sa jini ja, ya rarrabu zuwa 'ya'ya goma sha wani abu ko fiye, ya fasa ƙwayar jinin, 'ya'yan su bazu su kama sababbi. A rabin ƙarshe na wannan zagaye, ƙwayoyin jinin da suka kamu sukan yi danƙo su manne a ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, ƙoda, huhu da mahaifa, su toshe su. Nan kisan yake.

Cin sinadarin jinin da ƙwayar cutar take yi yana bar mata wani saura mai sinadarin ƙarfe wanda guba ne gare ta, don haka takan dunƙule shi ya daskare. Kwinin wannan dunƙulewar yake hanawa, gubar ta taru ta hallaka ta. Atemisinin kuwa ƙarfen nan ne ke kunna shi, da sun haɗu sai ya lalata sassan jikinta da yawa a lokaci guda. Babban bambancin shi ne lokaci: kwinin ya fi kama ƙwayar da ta riga ta girma, atemisinin kuwa yana kashe ta tun tana zobe, tun ba ta kai ga mannewa ba.

Kwinin

Bishiyar sinkona, wadda ake samun kwinin daga ɓawonta, a tsaunukan Andes take, a yankin Peru, Bolibiya da Ikwado. A ƙarni na 17 limaman Jesuit suka kai garin ɓawonta Turai, aka yi kusan shekara 200 ana jiƙa shi ana sha. Wani ya warke, wani bai warke ba, domin sassaƙen wata bishiyar ya ninka na wata ƙarfi, kuma ido ba ya bambancewa. Sai a 1820 wasu masana harhaɗa magunguna biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace kwinin zalla daga ɓawon, daga ranar aka iya auna shi a ma'auni. Irin da ya fi kowanne yawan kwinin wani ɗan asalin Bolibiya ne, Manuel Incra Mamani, ya gano shi ya tara wa ɗan kasuwar Ingila Charles Ledger. Gwamnatin Holan ta sayi irin a 1865 ta shuka a tsibirin Java, har ta mamaye kasuwar kwinin ta duniya. Shi kuwa Mamani daga baya an kama shi a kan tara irin, an lakaɗa masa duka, ya rasu a 1871. Ba kasafai ake tuna sunansa ba.

Har yau kwinin yana aiki, kuma abin a yaba ne a ce magani ya yi ƙarnoni ƙwayar cutar ba ta gama da shi ba. Matsalarsa wahalar sha. Sau uku a rana ake shan sa, duk bayan awa takwas, har kwana bakwai. Sau 21 ke nan, ga ɗaci. Kafin a je ko'ina kunne ya fara ƙara, ji ya ragu, ga jiri da tashin zuciya. A daidai lokacin kuma zazzaɓin ya sauka. Mutum ya ji sauƙin ciwo, maganin ne kaɗai ke wahalar da shi, sai ya ajiye, bayan mako biyu ko uku ciwon ya dawo. Ga wanda ya galabaita ta ƙarin ruwa ake ba shi, a hankali, kowane zubi ya ɗauki awanni, domin tura shi kai tsaye cikin jijiya na iya taɓa zuciya har ya yi kisa. Yana kuma sa sukarin jini ya faɗi, musamman ga mai juna biyu, dole a riƙa aunawa. A taƙaice magani ne mai buƙatar ma'aikaci a tsaye a kan mara lafiya dare da rana.

Atemisinin da haɗin ACT

A lokacin yaƙin Biyetnam kulorokwin ya fara gazawa, zazzaɓi yana kwantar da sojoji. Ranar 23 ga Mayu 1967 ƙasar Sin ta ƙaddamar da wani shirin sirri na neman sabon magani, aka sa masa suna 523 saboda ranar, wato wata na 5, rana ta 23. Tawagar Tu Youyou ta bi girke-girken magungunan gargajiya sama da 2,000. Wani tsiro daga dangin tazargade, Artemisia annua, yakan nuna alamar aiki a gwaji ɗaya, a wani gwajin ya ƙi. Sai ta koma ga rubutun wani masani na ƙarni na 4, Ge Hong, wanda ya ce a jiƙa danƙi guda na ganyen a ruwa, a matse, a sha. Bai ambaci tafasawa ba. Ta yi zargin zafi ne ke ɓata sinadarin, ta canza zuwa hanyar tacewa mai ƙarancin zafi, a Oktoban 1971 aka samu tatacce da ya share ƙwayar cutar kakaf a jikin ɓeraye. Ita da abokan aikinta suka fara sha kafin a ba marasa lafiya. A 2015 ta samu kyautar Nobel.

Babu maganin maleriya mai saurinsa a cikin waɗanda ake amfani da su. A kowane zagaye na awa 48 yana iya rage yawan ƙwayoyin cutar ninki 10,000. Amma ba ya daɗewa a jiki, cikin 'yan awanni ya fita. Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: mai zazzaɓi sosai na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta biliyoyi masu yawa a jininsa. Shan kwana uku yana ratsa zagaye biyu, wato ragin ninki miliyan 100. Ragi ne mai ban mamaki, amma in ka fara da biliyan 100, saura dubu guda ke nan, kuma dubun nan sun isa su dawo da ciwon. Shi ya sa ake haɗa shi da wani magani mai jinkirin fita daga jiki, kamar lumefantirin, amodiyakwin ko fiferakwin, wanda zai tsaya kwanaki ko makonni yana tsince ragowar. Wannan haɗin shi ne ACT. Atemisinin kaɗai sai an sha kwana bakwai, kuma a 2007 babban taron lafiya na duniya ya nemi ƙasashe su daina barin ana sayar da ƙwayarsa ita kaɗai.

Ɗauki haɗin da ya fi yaɗuwa, atemita (wani nau'in atemisinin) da lumefantirin, wanda aka fi sani da sunan Coartem. Sau shida ake sha cikin kwana uku: na farko nan take, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da yamma a kwana biyun da suka biyo. Nauyin jiki ake bi, ba shekaru ba. A ƙananan ƙwayoyin, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ɗaya yake sha a kowane karo, mai 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, mai 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. Akwai kuma babbar ƙwaya da guda ɗaya take tsaya wa huɗun, don haka a duba kwalin. Lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da ɗan maiƙo, shi ya sa ake so a sha da madara ko bayan cin abinci. In an yi amai cikin awa ɗaya da sha, a maimaita. Ƙananan abubuwa ne, amma sau da yawa wanda ya ce maganin bai yi masa ba, a ɗaya daga cikinsu aka samu giɓi.

Idan aka jera shi da kwinin a zazzaɓin da bai tsananta ba, kwana uku ne a kan bakwai, sau shida a kan 21, kuma babu ƙarar kunne. Ba na jin akwai abin jayayya a nan.

Inda aka daɗe ana jayayya shi ne zazzaɓin da ya tsananta, domin kwinin ya yi shekaru aru-aru yana riƙe da wannan fage. Manyan gwaje-gwaje biyu suka raba gardamar. Na farko an buga sakamakonsa a 2005, an yi shi a Bangaladash, Indiya, Indunusiya da Myanmar a kan mutum 1,461, mafi yawansu manya. Kashi 15 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar atesunet, wani nau'in atemisinin, suka rasu, a ɓangaren kwinin kashi 22. Na biyu ya fito a 2010, a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara: kashi 8.5 a ɓangaren atesunet, kashi 10.9 a ɓangaren kwinin. Wani zai ga tazarar kaɗan ce. Ka mayar da ita yara: a kowane 41 da aka ba atesunet maimakon kwinin, an tsirar da ɗaya da da ya tafi. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba ga yara da manya.

Haɗa allurar ma ba wuya. Gari ne fari a 'yar kwalba, miligiram 60. A zuba masa ɗan ruwan da aka haɗo shi da shi, a girgiza. Da farko zai yi gauraye kamar madara, a ci gaba har ya washe tas, sannan a ƙara ruwan gishirin asibiti a tura ta jijiya cikin 'yan mintuna, ko a tsoka in jijiya ta ƙi samuwa. Ana yi da isowa, sai bayan awa 12 da bayan awa 24 daga ta farko, daga nan sau ɗaya a rana har mara lafiya ya iya haɗiya, sannan a ba shi cikakken ACT na kwana uku. Wannan na ƙarshen ake yawan tsallakewa, alhali allura uku kaɗai ba su gama aikin ba. Tana da nata aibin: wasu, musamman waɗanda ƙwayar cutar ta yi wa yawa, jininsu kan ragu bayan mako ɗaya zuwa uku, don haka a koma a duba jini. Akwai kuma atesunet na dubura ga yaro ɗan ƙasa da shekara shida da ke nesa da asibiti. Na riƙon ƙwarya ne kafin a isa, ba ya maye gurbin tafiyar.

Jiƙon ganyen

Nan nake so in daɗe, domin nan ne mutanen kirki masu kyakkyawar niyya suke ruɗuwa. Hujjar masu jiƙo tana da daɗin ji: tunda daga ganyen aka ciro maganin, me zai hana kowa ya shuka abinsa ya sha? Ba sai an jira kamfani ba, ba jabu, ba yankewar kaya. Suna ƙarawa da cewa ganyen na ɗauke da wasu sinadarai da ke taimaka wa atemisinin aiki. Wannan maganar ba shaci-faɗi ba ce gaba ɗaya, domin gwaji a ɓeraye ya nuna busasshen ganyen da aka niƙa aka ci yana kai atemisinin cikin jini fiye da yadda aka zata. Kuma gaskiya ne jiƙon yana saukar da zazzaɓi. Da ba ya yin komai, da haɗarinsa bai kai haka ba.

Matsala ta farko ita ce wadda ta addabi masu shan ɓawon sinkona kafin 1820. Yawan atemisinin a busasshen ganye yana kamawa daga kusan babu zuwa kashi ɗaya da ɗoriya cikin 100, gwargwadon iri, ƙasa, lokacin yanka, yadda aka shanya da tsawon ajiya. Danƙi biyu masu kama ɗaya da ƙamshi ɗaya, wani zai iya ninka wani sau goma ko fiye. Dangin tsiron ma ɗaruruwa ne, kuma mafi yawansu ba su da atemisinin na a zo a gani. Artemisia afra, wanda ke fitowa a gabashi da kudancin Afirka kuma ake tallata shi tare da ɗan'uwansa, ɗan abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba.

Ta biyu, sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa. Wani bincike da aka yi a Jamus aka buga a 2004 ya auna lita guda ta jiƙon da aka yi da giram 9 na ganye mai kyau, aka samu kimanin miligiram 95 na atemisinin, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake ba babba a rana. A shekarar kuma aka buga gwajin da aka yi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango: a rana ta bakwai kashi 74 cikin 100 na masu shan jiƙo jininsu ya washe, masu kwinin kashi 91, kuma a makonnin da suka biyo ciwon ya dawo wa da yawa daga masu jiƙon. Akwai wani gwaji da aka buga a 2019 wanda ya ce jiƙon ya fi ACT, aka yi ta yaɗa shi a intanet. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2020 saboda matsalolin da aka gano a alƙalumansa, amma har yau ana kafa hujja da shi.

Ta uku ita ce ta fi damuna, domin ba mai shan kaɗai take shafa ba. Jiƙo atemisinin ne shi kaɗai, ba abokin rakiya, kuma a ƙasa da ƙima. In da za a tambayi masani hanyar da ta fi saurin koya wa ƙwayar cuta jure magani, wannan zai kwatanta: a ba ta abin da zai kashe raunana ya bar masu taurin kai su hayayyafa. An riga an ga somin-taɓi. A 2008 da 2009 aka tabbatar cewa a yammacin Kambodiya ƙwayar cutar ta fara jinkirin mutuwa a gaban atemisinin, a 2014 aka gano sauyin halittar da ke jawo haka. Daga 2020 zuwa yau an tabbatar da irin wannan a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya, kuma a can Afirka ya tsiro da kansa, ba daga Asiya aka kwaso shi ba. Ba jiƙo ne ya haifar da wannan ba, ƙwayoyin atemisinin zalla da jabu da yanke magani a tsakiya su ne manyan masu laifi. Amma ƙara jiƙo a kai ƙara wa wuta makamashi ne. Mun ga abin da ya faru da kulorokwin: bijirewar ta fara a ƙarshen shekarun 1950, ta iso gabashin Afirka a 1978, mace-macen yara suka ƙaru a shekarun da suka biyo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan shan jiƙo, gari ko ƙwayar ganyen atemisiya, ko don magani ko don rigakafi.

To masu cewa sun sha sun warke fa? Ba na ƙaryata su. Sai dai babban mutum da ya tashi inda sauro ke da yawa ya riga ya samu wata garkuwa, jikinsa kan danne ciwon da ɗan taimako kaɗan, ko ma ba taimako. Sannan zazzaɓi da yawa ba maleriya ba ne tun asali, mura ce ko wata cutar da kan wuce da kanta. Shaidar irin wannan mutum gaskiya ce a kansa. Kuskuren shi ne a ɗauke ta a ɗora wa ɗan shekara biyu, ko mai juna biyu, ko baƙon da bai taɓa yin ciwon ba, waɗanda ba su da wannan garkuwa.

Sauran tsirran da ake sa wa ido

Tsirran da aka ba da rahoton ana maganin zazzaɓi da su a duniya sun haura 1,000, kuma kusan kowane wata sai an buga cewa wani ganye ya kashe ƙwayar cutar a ɗakin gwaje-gwaje. A riƙa karanta irin wannan labari da natsuwa. Kashe ta a cikin kwalba abu ne mai sauƙi. Abin tambaya shi ne ko sinadarin zai ratsa hanji, ya tsallake hanta, ya kai jini da yawan da ake buƙata, ba tare da ya illata mai shan ba. Mafi yawansu a nan suke faɗuwa.

Dogon yaro misali ne. Akwai sinadarai a cikinsa da ke aiki a kwalba, amma babu wani ingantaccen gwaji a jikin mutane da ya nuna yana share cutar daga jini, kuma man 'ya'yansa ya sha jefa jarirai cikin jijjiga da suma a Indiya da Malesiya. Saiwar Dichroa febrifuga, wadda Sinawa suka daɗe suna amfani da ita, tana da sinadari mai ƙarfi ƙwarai a kan cutar, amma amai da illar hanta suka hana shi zama magani. A Gana an yi nisa da saiwar Cryptolepis sanguinolenta, ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana saukar da zazzaɓi tana rage ƙwayar cutar, sai dai babban sinadarinta yana shiga cikin ƙwayar halittar ɗan Adam, abin da ke sa a yi taka-tsantsan, musamman ga masu ciki.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin da aka yi a Mali a kan Argemone mexicana, saboda yadda aka bi shi. Masu binciken sun fara da tambayar iyalai abin da suka sha da yadda aka ƙare, suka ware tsiron da ya fi alaƙa da samun sauƙi, sannan suka gwada dafaffen ganyensa kafaɗa da kafaɗa da ACT a wani ƙauye. Kashi 89 cikin 100 na masu shan ganyen ba su buƙaci magani na biyu ba, a ɓangaren ACT kashi 95. Sakamako ne mai kyau, amma mafi yawan masu ganyen sun ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar a jini, kuma an yi gwajin ne a cikin mutanen da ke da garkuwa. 'Ya'yan tsiron kuma guba ne. Haka ya kamata a riƙa yi wa maganin gargajiya, a ɗauke shi da muhimmanci har a auna shi, a faɗi abin da ya iya da inda ya tsaya. Ina fatan a samu na uku bayan kwinin da atemisinin, kuma ba abin mamaki ba ne ya fito daga irin wannan aiki. Atobakwon da matafiya ke sha don rigakafi ma asalinsa daga wani sinadarin bishiyar lafaco ta Kudancin Amurka aka kwaikwayo shi. Amma a yau babu ko ɗaya cikin waɗannan da zan ce a ba yaro mai zazzaɓi.

In zazzaɓi ya zo, abin farko gwajin jini ne, ko na tsinke mai ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, ko na madubin likita. In babu maleriya, babu ɗaya daga magungunan nan da zai amfane ka, a nemi abin da ke kawo zafin. In akwai, kuma mara lafiya yana ci yana sha yana cikin hayyacinsa, ACT ne, mai rajistar hukumar kula da magunguna, a shanye duka ko da an ji garau a rana ta biyu. Mai juna biyu a wata ukun farko a da kwinin da kilindamaisin ake ba ta na kwana bakwai, amma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita atemita da lumefantirin a wannan lokacin ma, sai dai ta bi ta hannun ma'aikacin lafiya. In gwaji ya nuna ba falciparum ba ne, wasu nau'o'in ƙwayar cutar ne da ake kira vivax ko ovale, akwai ragowar da ke kwanciya a hanta wadda kwinin da atemisinin duk ba sa taɓawa, sai an ƙara da firimakwin, shi kuma sai an duba jini tukuna domin yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu mutane.

In kuwa aka ga jijjiga, ko suma, ko ruɗewa, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko kasa zama da kasa shan nono, ko numfashi sama-sama, ko idanu sun yi rawaya, ko tafin hannu ya yi fari fat, ko fitsari ya yi baƙi, an wuce maganar ƙwaya balle jiƙo. Asibiti ne nan take, a nemi allurar atesunet. In babu, allurar atemita a tsoka. In ita ma babu, a sa kwinin ba tare da ɓata lokaci ba, domin kwinin da ke hannu ya fi atesunet ɗin da sai gobe. Wanda kuma ya shanye ACT daidai amma zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana uku, ko ya dawo cikin mako huɗu, ya koma a sake duba jininsa, ya kuma faɗa wa ma'aikacin ainihin abin da ya sha da ranar da ya fara, har da jiƙo in ya sha, domin da wannan bayanin za a san ko wani haɗin za a canza masa.